Daga Kwanon Ramen na Japan Zuwa Romon Kifin Kabi: Darajar Ƙaramar Rumfar Abinci

Gabatarwa

A kasuwannin Augie da Argungu da Birnin Kebbi akwai abubuwa biyu masu asali da ƙasar Japan, waɗanda suka shige tukunyar Bakabe har aka daina yi musu kallon baƙi. Na farko shi ne farin magi, wanda kamfanin Ajinomoto ya fara sayarwa a 1909, shekara guda bayan wani masanin kimiyya na Jami'ar Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ya gano sinadarin da ke sa romo ɗanɗano. Na biyu kuwa ita ce taliyar leda da mai shayi ke dafawa cikin 'yan mintuna, wadda Momofuku Ando ya ƙirƙiro a 1958. Dukkansu biyun an samar da su ne domin taƙaita wani aiki mai tsawo, wato haɗa romo da murza taliya, irin wanda ake yi a ƙananan shagunan abincin nan da Japanawa ke kira ramen.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ƙasar Kabi ta karɓi hanyar yanke daga Japan, amma ta bar darasin da ya fi amfani a can baya. Darasin kuwa shi ne yadda al'umma ke ɗaukar ƙaramin wurin sayar da abinci da muhimmanci, ta girmama mai dafawa, ta kuma ɗaura sunan gari a kan kwano guda. Kwarin Rima yana da kifi da shinkafa da daddawa da masu hannun girki. Abin da ya rage shi ne a gane cewa rumfar mai tuwo dukiya ce ta al'ada da tattalin arziki, wadda ke iya salwanta idan aka ci gaba da raina ta.

Yadda Ƙaramin Shagon Ramen Yake

Ramen taliyar alkama ce da ake zubawa cikin romo mai zafi, a ɗora mata yankan nama da dafaffen ƙwai da ganyen albasa. A wajen kwaɓa ƙullun taliyar ana sa wani ruwa mai kama da ruwan kanwa, wanda ke sa ta yi danƙo ta kuma ɗauki launin rawaya. Duk wanda ya san aikin da kanwa ke yi a ɗanwake zai fahimci hikimar. Sai dai ran abincin yana cikin romon. Akan dafa ƙashi da busasshen kifi da ganyen teku na tsawon sa'o'i, wani lokaci tun daga dare har wayewar gari, sannan a haɗa shi da wani tsumi na gishiri ko na waken suya da aka ruɓar, wanda kowane shago ke ɓoye sirrin haɗinsa.

Shagon kansa ba wani abin kallo ba ne. Sau da yawa kujerunsa ba su wuce goma ba, an jera su a gaban dogon teburi, mai dafawa yana tsaye a ɗaya ɓangaren yana aiki a kan idon masu ci. A shaguna da dama mutum yakan sayi tikiti a wata na'ura da ke bakin ƙofa, ya miƙa, ya zauna, ya ci cikin natsuwa, ya yi godiya ya tashi domin na bayansa ya samu wuri. Abincin da ake sayarwa kala ɗaya ne ko biyu. Akwai shagunan da ke rufewa da zarar romon ranar ya ƙare, ko da layi na nan a waje, domin mai shi ya gwammace ya rasa ciniki da ya tsinka romonsa da ruwa.

Wannan tsantseni ne ya kai ga a ƙarshen 2015 kundin Michelin na ƙasar Faransa, wanda ke tantance gidajen abinci a duniya, ya ba wani shagon ramen mai suna Tsuta a birnin Tokyo tauraro guda. Shi ne na farko a irinsa a Japan da ya samu wannan matsayi, kuma a lokacin kujerunsa tara ne kacal.

Baƙon da ya Zama Ɗan Gari

Abin lura a tarihin ramen shi ne asalinsa ba na Japan ba ne. Sinawa mazauna garuruwan bakin teku irin su Yokohama ne suka zo da taliyar alkama cikin romo a ƙarshen ƙarni na 19. A 1910 aka buɗe shagon Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo, wanda ake yawan ambata a matsayin wurin da abincin ya fara ɗaukar kamannin da aka san shi da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci, alkamar da Amurka ta shigar ƙasar ta sa masu tura kura suka cika tituna da taliya mai arha. Abincin lebura ne da ɗalibi da wanda ya taso aiki cikin dare.

Daga nan kowane yanki ya saka nasa hannu. Sapporo ta shahara da romon da ake haɗawa da ruɓaɓɓen waken suya, Hakata da farin romon ƙashi, Kitakata kuma da faffaɗar taliya. Ita Kitakata ƙaramin gari ne da mutanensa ba su kai 50,000 ba, amma baƙi na yin tattaki zuwa can domin kwanon taliya kawai. A 1994 har gidan tarihi aka buɗe wa ramen a Yokohama.

Wannan tarihi yana warware wani ruɗani game da abin da ake kira abincin asali. Ingancin abinci da kasancewarsa na gari ba su dogara ga inda aka fara yin sa ba. Sun dogara ne ga yadda mutanen wuri suka rungume shi, suka sarrafa shi da abin da ƙasarsu ke bayarwa, suka kuma tsare ƙa'idarsa. Hausawa ma sun san haka. Gurasa da alkaki da taliyar murji duk ana danganta su da Larabawan da suka ƙetaro Sahara suka zauna a Kano, amma yau babu mai ce musu baƙi. Taliyar da mata ke murzawa a gida su shanya a kan igiya, a ci da mai da yaji, ta zama ta Hausawa har ana kiranta 'yar Hausa.

Abin da ya Iso Kabi

An ruwaito cewa abin da ya zaburar da Momofuku Ando shi ne dogon layin mutanen da ya gani a Osaka bayan yaƙi, suna tsaye cikin sanyi suna jiran kwanon ramen. Ya yi tunanin samar da irin wannan abinci da kowa zai iya dafawa a gida da ruwan zafi. Dabararsa ita ce a turara taliya, a soya ta a mai har ta bushe, yadda za ta daɗe ba ta lalace ba. Fasahar ta bazu a Asiya, kamfanin da ke yin Indomie a Indunusiya ya ɗauke ta, daga can ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara sarrafa ta a Ota ta Jihar Ogun. Yau da wuya a samu teburin mai shayi a tashar Argungu ko kusa da makarantun Birnin Kebbi da ba a jera kwalayenta ba.

Ba adalci ba ne a yi wa wannan taliya kuɗin goro. Ta ceci ɗalibai da direbobi da matan da aiki ya yi wa yawa, ta kuma buɗe wa masu shayi wata ƙofar samu. Matsalar ita ce matsayin da ta samu. Abin da aka ƙirƙira domin ranar matsi ya koma abincin marmari, har yaro a garin masunta yana ganin ƙaramar ledar garin ɗanɗano ta fi romon tarwaɗar da uwarsa ta dafa. Haka shi ma dunƙulen magi da farinsa suka ture daddawar kalwa zuwa gefe a gidaje da yawa, alhali a Japan, inda farin magin ya fito, ruɓaɓɓen waken suya, wanda shi ne takwaran daddawa, yana nan daram a kowane ɗakin girki. Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, kuma ledar taliya guda tana cinye kaso mai tsoka na wannan ma'auni tun kafin a ƙara mata komai.

Abin da Kabi ke da Shi

Idan ana maganar kayan haɗa romo, kwarin Rima bai rasa komai ba. Ruwayensa na ba da giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da kurungu, kuma Kabawa sun gaji sanin kama su da yin bandarsu tun kaka da kakanni. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga tarihinsa na zamani daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ya shiga kundin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016. A bikin watan Maris na 2020, wanda aka yi bayan hutun kusan shekaru goma, masunci daga Ƙaramar Hukumar Augie ne ya zo na ɗaya a Matan Fada da kifi mai nauyin kilo 78.

A ɓangaren shinkafa ma haka abin yake. Fadamun Augie da Argungu sun daɗe suna cikin wuraren noman shinkafa mafi muhimmanci a Arewa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, aka yi haɗin gwiwar sayar da shinkafa tsakanin Kebbi da Legas a 2016, sannan aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017.

Duk wannan shahara ta tsaya ne a kan ɗanyen kaya. Duniya ta san girman kifin Argungu a kan sikeli, amma ba ta san ɗanɗanonsa a cikin kwano ba. Ana loda shinkafa a manyan motoci zuwa Kudu, ana cika kwanduna da banda zuwa wasu jihohi, ribar da ke cikin sarrafawa da dafawa kuma ta tafi tare da su. Baƙon da ya zo kallon su yakan kwana a masauki ya ci soyayyar shinkafa da kaza irin wadda zai samu a Abuja ko Kaduna, ya koma gida bai taɓa ɗanɗana tuwon shinkafa da miyar sure da kifi ba, bai kuma san hoce ba. Masu iya wannan girki suna nan a bayan kasuwa da bakin tasha, a ƙarƙashin rumfar zana ko ta kwano, babu allon suna, babu wanda ya rubuta komai game da su.

Tushen Rainin

Dalilin wannan sakaci yana da saiwa a cikin al'ada. A tunanin Bahaushe, mutumin kirki a gidansa yake cin tuwo. Cin abinci a kasuwa alama ce ta gwauro ko matafiyi ko wanda gidansa ba lafiya, kuma magidanci yakan ji nauyin a gan shi zaune a bencin mai tuwo a garinsu. Sana'ar sayar da abinci a tasha ma an daɗe ana yi mata kallon ta waɗanda ba su da kamun kai. Saboda haka iyali ba sa alfahari da ita, kuma wanda ya samu wata hanya yakan bar ta ba tare da ya koya wa kowa ba.

Wannan tunani ya dace da zamanin da gona da gida da kasuwa ke kusa da juna. Yanzu rayuwa ta sauya. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya da ke Birnin Kebbi, da ma'aikatan asibiti, da 'yan ƙwadagon da ke zuwa yankan shinkafa, dukkansu a waje suke cin abincin rana. Tunda cin waje ya zama dole, tambayar da ta rage ita ce me za a ci, kuma wa zai amfana da kuɗin. Al'ummar da ke kunyar rumfar tuwo amma ba ta kunyar teburin taliyar leda ta riga ta zaɓi inda kuɗinta zai tafi.

Akwai kuma shaidar cewa Bahaushe ya san darajar ƙwarewa a abu guda. Mai tsire da mai kilishi da mai waina da mai fura duk a kan sana'a ɗaya suke yin suna, har mutum ya tsallake rumfuna biyar ya nufi ta wanda ya yarda da hannunsa. Wannan shi ne ainihin tsarin shagon ramen. Bambancin kawai shi ne can an rubuta shi, an kare shi, an kuma mai da shi abin alfahari.

Hujjojin Masu Ja

Mai ja zai iya cewa kwatanta Augie da Tokyo wuce gona da iri ne. Japan ƙasa ce mai arziki da ruwan famfo da wutar lantarki, mai tuwon Kabi kuwa ruwa take saya a wurin 'yan garuwa, ta sayi itace da tsada, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wannan gaskiya ne. Amma ya kamata a tuna cewa ramen bai tashi cikin wadata ba. A kan kura ya girma, a lokacin yunwa. Kuma ko a yau masu shagunansa suna kokawa da tsadar kaya, domin masu ci ba sa son farashin kwano ya haura yen 1,000, lamarin da ya sa da yawa suka durƙushe a 2024. Ƙaramar sana'ar abinci mai rauni ce a ko'ina, shi ya sa take buƙatar kulawa.

Wani kuma zai ce yawancin ramen ana yin sa ne da ƙashin alade, wani tsumin ma akwai giya a cikinsa, don haka babu abin koyi ga al'ummar Musulmi. Amsa ita ce babu mai kiran a kawo ramen Augie. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar aiki da tsarin sana'a. Tukunyar kuwa ta Kabi ce, da kifinta da kayan yajinta.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kifin kansa. Madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun da kifi ke hayayyafa, ambaliya irin ta 2020 ta yi wa manoman shinkafa ɓarna mai yawa, rashin tsaro kuma ya taƙaita zirga-zirga a wasu sassan jihar. Idan kifi ya yi ƙaranci, da me za a yi romon? Sai dai wannan hujja tana ƙarfafa batun ne. Idan kaya ya yi kaɗan, hikima ita ce a ƙara masa daraja kafin ya bar gari. Kifi guda da aka sayar ɗanye kuɗinsa ɗaya ne. Idan aka dafa shi, kansa da ƙashinsa su ba da romo, tsokarsa ta shiga kwanuka da yawa, mai itace da mai daddawa da mai kayan miya kowa ya samu rabonsa.

Abin da ya Kamata a Yi

Nauyi na farko yana kan jami'o'i da kwalejoji. Sassan nazarin Hausa sun yi aiki mai yawa a kan waƙoƙin masunta da tsafe-tsafen ruwa da sarautun Sarkin Ruwa da Homa, amma girkin Kabawa bai samu irin wannan kulawa ba. Ya dace a tura ɗalibai su zauna da tsofaffin masu tuwo a Augie da ƙauyukanta, su taskace sunayen miya da matakan haɗa ta, da irin kifin da ya dace da kowace, da kalmomin da ke tattare da aikin, tun masu sanin suna raye. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu wuri ne da ya cancanci ajiye irin wannan taska.

Nauyi na biyu na hukuma ne. Birnin Fukuoka na Japan ya kusa rasa rumfunan abincinsa na titi saboda ƙorafin ƙazanta da tare hanya, amma a 2013 ya kafa doka da ta tsara su, ta gindaya musu sharuɗɗan tsafta, ta kuma amince da su a matsayin abin jan baƙi. Ƙananan hukumomin Augie da Argungu na iya yin daidai ƙarfinsu, ta hanyar samar da famfo da magudanar ruwa a inda masu abinci ke zama, da sa duba-gari su riƙa koyarwa kafin su ci tara. Masu shirya bikin Argungu kuma su ware wa girkin gida fili na musamman da gasa mai kyauta, kamar yadda ake yi wa kokawa da tseren kwalekwale.

Nauyi na uku yana kan masu sana'ar da masu ci. Mai rumfa ta tsaya a kan abin da ta fi iyawa, ta tsare tsaftar ruwa da kwano, ta bar tukunya ta nuna, ta kuma ɗauki wanda za ta koya wa. Mai ci kuma ya daina ɓoye fuska, ya biya farashin da ya dace da wahalar da aka sha.

Kammalawa

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Masu shagunan ramen na Japan sun ɗauki abincin baƙi da talakawa, suka yi haƙuri da tukunyarsa shekara da shekaru, har ya zama abin da ake sanin garuruwansu da shi. Kabawa ba sa buƙatar aro daga ko'ina, domin kogi da fadama sun riga sun ba su abin dafawa. Matuƙar ana ganin rumfar mai tuwo a matsayin wurin da ake zuwa a ɓoye, ilimin da ke cikinta zai ci gaba da tafiya kabari tare da masu shi, kuma jikokin masuntan Augie za su tashi suna auna daɗin abinci da garin da ke cikin leda. Gyaran yana farawa ne daga ranar da malami da hakimi da ɗan kasuwa za su zauna a benci guda a bainar jama'a, su nemi a zuba musu tuwon shinkafa da romon kifi, su kuma kira mai dafawar da sunan gwana.